Littafin aiki: neman wa sikirif ɗinmu mazauni

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Yau rahoton kaya bai fito ba, kuma ban sani ba sai da Alhaji ya aiko yaro ya kira ni wajen ƙarfe goma. Da na duba sai na tarar ba yau abin ya fara ba. Tun daren Alhamis sikirif ɗin, wato ɗan ƙaramin shirin kwamfuta, da ke haɗa lissafin mangazoji ya tsaya, saboda mai mangazar Matamai ya ƙara sabon shafi a gaban fayil ɗinsa na Excel. Kwana huɗu ke nan ana turo wa Alhaji tsohon lissafi, shi kuma yana ciniki a kansa.

Ga wanda bai san mu ba: wake muke saye, da gero da riɗi da gyaɗa. Mangaza huɗu ne, biyu a nan Damagaram, ɗaya a Mirriya, ɗaya a Matamai. A cikin shekara uku na rubuta ƙananan sikirif goma sha huɗu da Python, duk suna zaune a wata tsohuwar kwamfuta ƙarƙashin teburina, wani ɗan shiri mai suna cron ne ke tayar da su a kan lokaci. Cron kuwa bawan Allah ne, tun shekarun 1970 yake aikinsa, amma ba ya kai ƙara. In abu ya faɗi, shiru kake ji, sai dai in kai ka shirya masa hanyar yin magana, ni kuma ban shirya ba.

Alhaji bai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi min: "Malam, ranar da ka kwanta ciwo, wa zai tayar da wannan abin?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu." Ya ce to in nemo mafita kafin damina. Shi ya sa na buɗe wannan littafi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ranar kasuwar Dole ce, biro ya yi shiru, sai na zauna da ƴar istaj ɗinmu, wadda ta gama karatu a Jami'ar André Salifou, muka rubuta abin da muke nema kafin mu fara kallon dandalan mutane, wato manhajojin da za su riƙe sikirif su riƙa gudanar da su, ido ya ruɗe mu.

Na farko, kuma a kansa ba ni da ciniki: abin ya zauna a cikin ɗakin nan, a kan injinmu. Duk wanda ya yi aikin kwamfuta a garin nan a 2023 ya san dalili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take turo mana a farkon Agusta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa a lokacin. Biyan kuɗi zuwa waje ma ya zama aiki. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin. A watannin nan na ga mutanen da lissafinsu ke kan wata saba, wato kwamfutar da ke riƙe bayanai, a Turai ko Amurka, kayansu na gabansu amma littafin kayan ya fi ƙarfin hannunsu. Ba zan sake gina abin da numfashinsa ke rataye da rezo ko da katin banki ba.

Na biyu, duk abin da muka rubuta ya kasance kod ne a fayil na rubutu zalla, wanda git, manhajar ajiye tarihin kod, zai iya riƙewa, a ga wa ya canja wane layi da yaushe. Sauran buƙatun ƙanana ne: tarihin kowane aiki da ya gudana, ƙararrawa in ya faɗi, da fom mai sauƙi wanda mai lissafi zai cike ya danna ba sai ya kira ni ba. Injin da za mu sa abin a kai giga 8 na ƙwaƙwalwa gare shi, kuma Alhaji bai yi maganar sayen wani ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Mako guda ina karatu. Uku sun fita tun kafin a gwada su.

Retool kyakkyawa ne, ba musu, amma kod ɗinsa a rufe yake, kuma kuɗinsa da dalar Amurka ake biya a kan kowane mutum, wata-wata. Da yuro ne ma da sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da shi, kusan sefa 656 a kan yuro ɗaya, ka san abin da za ka biya baɗi. Dala kuwa yau ta hau gobe ta sauka.

Airflow na daɗe ina jin sunansa. A Airbnb aka fara shi a 2014, daga baya ya koma hannun gidauniyar Apache, kuma da Python ake rubuta komai nasa, wanda ya yi min daidai. Sai dai takardunsa da kansu sun ce a ware masa aƙalla giga 4 in za a tayar da shi da Docker, manhajar da ke gudanar da shiri a cikin keɓaɓɓen wuri da ake kira kwantena, 8 ya fi. Wato rabin injinmu ko dukkansa, don sikirif goma sha huɗu. An gina shi ne don manyan bututun bayanai masu matakai ɗaruruwa, ba don mai lissafi ya danna maɓalli ya fitar da faktir ba.

Temporal shi ne ya fi burge ni a takarda. Mutanen da suka yi Cadence a Uber ne suka fito suka kafa shi a 2019. Dabararsa ita ce yana rubuta tarihin kowane mataki, in inji ya mutu a tsakiyar aiki, sai ya sake bin tarihin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Garin da wuta ke tafiya ba sallama, ai kamar don mu aka yi. Amma akwai ƙa'idojin rubuta kod da dole mutum ya kiyaye don wannan bin tarihin ya yi aiki, kuma ba ya ba ka fom ko ɗaya, kai za ka gina. Mu biyu ne kaɗai, ɗaya ma ƴar koyo. Wannan ɗaukar Dala ba gammo ne.

Appsmith da Budibase na leƙa su, ƙarfinsu a zanen allo yake, mu kuwa yawancin aikinmu a bayan fage yake gudana da dare. Saura biyu: n8n da Windmill.

Talata, 18 ga Fabrairu

Mun ɗora n8n. Cikin awa biyu ƴar istaj ta haɗa aikin da ke ɗauko fayil daga imel, ya karanta shi, ya zuba a rumbun bayanai, ba tare da ta rubuta layi goma na kod ba. Akwatuna ne ake ja a ajiye a kan allo, a haɗa su da zare. Ta yi murna, ni ma na yi. Jan Oberhauser ne ya fara shi a Berlin a 2019, kuma yana da ɗaruruwan akwatunan da aka riga aka shirya don haɗa manhajoji daban-daban. Lasisinsa ba irin buɗaɗɗen nan na gargajiya ba ne, amma ya yarda kamfani ya yi aikin cikin gidansa da shi kyauta, wanda shi ne namu. Ba shi da nauyi kuma, injin bai ko yi tari ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Yau na yi gwajin da ya dame ni. Na fitar da aikin ƴar istaj a fayil, na sa a git. Sannan na ce ta canja abu ɗaya tak, ta matsar da akwatuna biyu don allon ya yi kyau, ta sake fitarwa. Da na nemi git ya nuna min bambanci, sai ga lambobin matsayin akwatuna sun cakuɗe da ainihin canjin. Kod ɗin da ta rubuta a cikin akwati ɗaya kuwa, duk an dunƙule shi a layi guda mai tsawo cikin JSON, ko harafi ɗaya ka taɓa, layin gaba ɗaya ne zai nuna ya canja. Ba laifin kowa ba ne, haka tsarin yake: zanen ne asali, rubutun inuwarsa ce. Haɗin git na cikin gida da suke da shi kuma sai a tsarin biya.

Sai kuma maganar Python. A akwatin kod nasa JavaScript ne ɗan gida. A sigar da muka gwada a farkon 2025, Python ɗin ta cikin wani tsani mai suna Pyodide yake gudana, don haka ba kowane laburare, wato kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta, muka iya samu ba. Sikirif ɗina goma sha huɗu ke nan sai an sake rubuta yawancinsu, ko a warwatsa su cikin akwatuna.

Na gaya mata damuwata. Ta ce, "Yaya, amma ai ni na fi gane wannan. Ba ni ce wadda kake so ta iya riƙe aikin ba?" Maganarta tana da nauyi, ban ba ta amsa ba. Na ce mu gwada ɗayan tukuna.

Talata, 25 ga Fabrairu

Sauke Windmill ya ci min dare biyu, don hotunan Docker ɗinsa, wato ƙunshin fayilolin da ake tayar da shi da su, suna da nauyi kuma rezo na yankewa. A dare na biyu na gama a kwamfutar gida, na yi docker save na zuba a kile, na kawo biro na yi docker load. Kilen na ajiye a aljihun tebur, an rubuta kwanan wata a jikinsa. Duk wanda ke aiki a inda intanet ke da tsada ya koyi waɗannan umarni biyu.

Abu na farko bayan ya tashi: canja kalmar sirrin da yake zuwa da ita, don kowa a duniya ya san ta.

Tsarinsa bai da yawa. Da Rust aka rubuta cikinsa, kuma rumbun bayanai na PostgreSQL ne komai nasa: nan yake ajiye sikirif, nan tarihi, nan kuma layin ayyukan da ke jiran a yi su. Akwai saba mai karɓar umarni, akwai leburori masu ɗaukar aiki ɗaya-ɗaya daga layin. Ba wani rumbu na biyu ko na uku da zan riƙa yi wa gadi. Lasisin ginshiƙinsa AGPL ne, akwai kuma wasu abubuwan da suka keɓe wa masu biya.

Na ɗauko sikirif ɗin fitar da faktir yadda yake, na sa shi cikin aiki mai suna main, na bayyana abin da yake karɓa: sunan mangaza rubutu ne, yawan buhu lamba ce. Ina ajiyewa sai ga fom ya fito da kansa, gurbin rubutu a nan, gurbin lamba a can. Ban zana komai ba. A nan kod ne asali, allon ne inuwarsa, kishiyar abin da na gani ranar Juma'a. Na yi wmill sync pull, sai ga fayil ɗina na Python ya sauko yadda na rubuta shi, da ɗan fayil na bayani a gefensa, da wani mai riƙe da jerin laburare da sigoginsu. Na canja layi ɗaya, git ya nuna layi ɗaya.

Wani abu da ya kamata a sani: yana karanta layukan import ne ya gano laburaren da ake buƙata, ya sauko da su daga PyPI, ma'ajin laburaren Python na intanet, a karon farko, ya adana. Ma'ana sabon sikirif yana son intanet ranar haihuwarsa, bayan nan ba ruwansa. Sai na kafa doka: duk sabon abu a gudanar da shi sau ɗaya lokacin da rezo ke da kyau, kuma kada wanda ya goge ma'ajin nan.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma safiya da dare.

Kwana uku ke nan ba dandali nake faɗa da shi ba, da bayananmu nake. Excel ɗin da ke kan kwamfutocinmu na Faransanci ne, in ya fitar da CSV waƙafi mai ɗigo yake sawa tsakanin gurabe, waƙafi kuma a madadin ɗigon lamba. Tsakanin dubu da ɗari akwai wani fili da ido ke gani kamar fili ne na kullum, alhali wani harafi ne daban, Python kuma ya ƙi karɓarsa a matsayin lamba. Sunan gari ɗaya kuwa rubutu uku gare shi: wani ya sa Mirriah, wani Myrriah, wani Mirriya. Na yi tebur guda, kowace mangaza da kowane ƙauyen da muke saye na ba shi lamba, fom kuma zaɓi yake bayarwa, ba a rubutawa da hannu.

Babbar kuwa ita ce dala. Mai mangazar Mirriya in ya ce kuɗin tiya ɗari da ashirin ne, dala yake nufi, tamu ta gida mai sefa biyar, wato sefa 600. Mai lissafi a biro da sefa yake rubutu. Shekara uku sikirif ɗina yana zato ne: in lambar ta yi ƙanƙanta, sai ya ninka da biyar. Na san abin kunya ne, amma a nan nake rubuta gaskiya. Yanzu fom ɗin yana tambaya a fili, dala ko sefa, kuma ba ya wucewa sai an zaɓa. Rumbu kuwa sefa kaɗai yake ajiyewa. Tambayoyin fom ɗin duk da Hausa na rubuta su, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsu, sun fito lafiya. Sauran allon dandalin da Ingilishi yake, wanda mutanenmu ba su karanta a lakwal ba, shi ya sa nake so abin da za su gani ya tsaya a fom ɗin kawai.

Alhamis, 13 ga Maris

Kuskurena. Mai lissafi ya shigar da cinikin dare wajen sha biyu da rabi, bayan an dawo daga asham an huta, sai faktir ya fito da kwanan watan jiya. Agogon cikin kwantena a kan lokacin UTC yake, mu kuma awa ɗaya muke gabansa. Daga sha biyun dare zuwa ƙarfe ɗaya, mu mun shiga gobe, inji yana jiya. Da ba azumi ba ne, ba wanda zai yi aiki a wannan awa, da sai a shekara ban gani ba. Na gyara da zoneinfo, na rubuta Africa/Niamey ƙarara a wuri ɗaya, duk sauran sikirif daga can suke ɗauka.

Laraba, 19 ga Maris

Mun yanke: Windmill.

Ba da sauƙi ƴar istaj ta yarda ba, kuma ban so in yi mata fin ƙarfi. Sai na ba ta aiki: ga rahoton kaya a akwatunan n8n, ga shi kuma a Python. Na ɓoye kuskure ɗaya iri ɗaya a cikin kowanne, na ce ta nemo. A na akwatuna sai da ta riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A na Python ta nemi git ya nuna mata abin da ya canja tun jiya, ta gani nan take. Ta ce wannan ha'inci ne, don na san inda zan kai ta. Na ce gaskiya ne, amma ranar da abu zai lalace ina Tasawa, tambayar da za ta fara yi ke nan: me ya canja?

Hujjata ta biyu ita ce ƙofar fita. In gobe masu Windmill suka sauya lasisi, ko suka rufe shago, abin da ke hannuna fayilolin Python ne, zan iya mayar da su ƙarƙashin cron cikin yini ɗaya, in yi asarar fom da tarihi kawai. Don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, na sa wata doka: ainihin lissafi ya zauna a fayilolin da ba su san sunan dandalin ba, main ya zama ɗan siririn bakin ƙofa ne kawai mai kiran su.

Ban ce n8n bai da kyau ba. Shagon da ba shi da mai rubuta kod, kuma aikinsa haɗa manhaja da manhaja ne, shi zan nuna masa. Mu dai kayanmu sun riga sun zama kod.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah. Sikirif takwas sun koma sabon gida.

Na yi wani kuskuren. Aikin da ke shigar da kayan da suka iso mangaza na sa masa ya sake gwadawa har sau uku in ya faɗi. Ranar Asabar ya rubuta buhu sittin na wake a rumbu, ya je tura sanarwa, rezo ya yanke, ya faɗi. Ya tashi ya sake daga farko, ya ƙara rubuta sittin. A takarda mangazar Mirriya ta wayi gari da buhu ɗari da ashirin. Allah ya sa mai mangazar mutum ne mai ƙirga kayansa da ido, shi ya kira.

Gyaran kashi biyu ne. Na raba aikin mataki-mataki, rubutawa daban, sanarwa daban, don in sanarwa ta faɗi ita kaɗai za a maimaita. Sannan kowane bon na karɓar kaya yana da lambarsa, na sa rumbu ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu, da ON CONFLICT DO NOTHING, wanda PostgreSQL ke da shi tun siga ta 9.5. Yanzu ko sau goma aikin ya gudana, buhu sittin ne. Na bi sauran sikirif bakwai da wannan tambaya: in an gudanar da kai sau biyu, me za ka ɓata? Biyu sun faɗi jarrabawar.

Ƙararrawa ma ta fara aiki. Kowane jerin matakai yana da matakin ƙarshe da ke tashi in wani ya faɗi, yana turo mana saƙo ta Telegram, ni da ƴar istaj. WhatsApp kowa ke amfani da shi a nan, amma ƙofarsa ta kamfanoni tana da rajista da kuɗi, ta Telegram kuwa minti biyar ce. Sai dai ƙararrawar da ke bin rezo ba ta ƙara in rezo ne ya mutu, don haka rahoton safe yanzu yana ɗauke da lokacin da aka haɗa shi da manyan baƙaƙe a samansa. Alhaji ya iya duba wannan.

Asabar, 19 ga Afrilu

Zafi ya haura digiri 40, fankar injin tana kuka kamar za ta tashi sama. Na buɗe shi na tarar da ƙurar hunturu ta yi kunya-kunya a ciki, na hure, na ɗauke shi daga ƙasa na ɗora a kan kanta kusa da taga. Ondilarmu minti ashirin take riƙewa, gurup kuma sai mai gadi ya tayar.

Yau da ba kowa a biro na yi abin da na daɗe ina tsoro. Na tayar da aiki mai tsawo, yana tsakiya na zare wayar wuta daga jikin injin, yadda ondila ba za ta riƙe shi ba. Na mayar, inji ya tashi, kwantenoni suka tashi da kansu, PostgreSQL ya bi littafinsa na rubutun-gaba ya daidaita kansa. Ba abin da ya ɓace daga abin da aka riga aka tabbatar. Aikin da na katse na sake gudanar da shi, kuma saboda gyaran 8 ga wata bai ninka komai ba.

Sannan kwafin ajiya. Kowane dare pg_dump yana zuba rumbun a faifai na waje, ranar Juma'a kuma mai lissafi yana tafiya gida da faifai na biyu. Amma kwafin da ba a taɓa mayarwa ba, zato ne. Na ɗauko tsohuwar kwamfutar hannu, na loda hotunan daga kilen nan na Fabrairu, na mayar da rumbu. Awa ɗaya da rabi, da tuntuɓe biyu, duka don na manta matakan da ke kaina kawai. Na rubuta su a takarda, na buga, na manna a jikin kanta. Ranar Litinin ƴar istaj za ta maimaita ita kaɗai, ni kuma zan zauna in kama bakina.

Talata, 29 ga Afrilu

Ta yi, cikin awa biyu. Ta kuma gyara min layi uku a takardar da ta ce ba mai gane su sai wanda ya rubuta.

Yanzu kowa da matsayinsa. Mai lissafi da masu mangaza suna iya cike fom su gudanar, ba sa iya taɓa kod. Kalmomin sirri na rumbu da na imel sun fita daga cikin sikirif, inda na bar su shekara uku, sun koma ma'ajin sirri na dandalin, kuma na tabbatar ba sa bin fayiloli zuwa git.

Masu mangazar Mirriya da Matamai sai sun shigo daga waje, layin waya kuma ba ya ba mu adireshin da za a iya samunmu kai tsaye. Tailscale na sa, wanda aka gina a kan WireGuard, wayoyinsu suna ganin injin kamar suna cikin biro. Na san wannan ya taɓa dokata ta farko, don yana dogara da sabar wasu wajen haɗa na'urori. Na yarda da shi ne saboda in ya tsaya, biro na ci gaba da aiki, masu mangaza kuma su koma turo Excel kamar da.

Alhaji ya ji labarin Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a ƙasar nan a watan Maris, ya tambaya ko da shi ba sai mu mayar da komai kan intanet mu huta ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a saya, zai taimaka, amma littafin kaya ya kwana a gida." Ya yi dariya ya ce ni da tsoron wuta kamar wanda maciji ya taɓa sara.

Abin da ya fi so shi ne sabon matakin amincewa. In za a fitar da fiye da buhu ɗari, aikin yana tsayawa, saƙo ya je wayarsa, sai ya danna sannan bon ya fito. Da farko ya ce a sa kowane buhu ma sai ya amince. Na roƙe shi arziki, don ranar kasuwa wayarsa ba za ta huta ba.

Litinin, 12 ga Mayu

Ranar Alhamis aka yi mana rasuwa a Tasawa, na tafi ban ko ɗauki kwamfuta ba, sai jiya na dawo. Da safen nan na buɗe tarihi na ga ja guda ɗaya ranar Juma'a: mai mangazar Matamai rezonsa ya ƙi, ya koma Excel, ya kuma sauya sunan wani gurbi. Ƙararrawa ta shiga wayata ina wurin zaman makoki, ban gani ba. A git akwai canji na layi huɗu daga ƴar istaj, ƙarfe tara da kwata, da bayaninta a ƙasa: sikirif ya daina dogara da sunan gurbi, yana duba jerin sunayen da aka sani, in bai gane ba ya tsaya ya faɗi wanne ne. Layi ɗaya a ciki da ni ne da ba haka zan rubuta ba, na bar shi yadda yake. Alhaji bai ma san an yi ba, sai da na gaya masa, na kuma ce istaj ɗinta zai ƙare ƙarshen Yuni, ya kamata a yi magana. Ya ce in tuna masa bayan la'asar.

Saura sikirif uku a tsohuwar kwamfuta. Biyu za su ƙaura makon nan. Na ukun, mai lissafin canjin naira da sefa don kayan da ke bi ta Magarya, ni kaina ban gane abin da na rubuta a 2022 ba, sai an sake shi daga tushe, kuma sai na zauna da mai lissafi ya faɗa min daga bakin wane ɗan canji yake ɗaukar farashin safe. Batirin ondila ma ya fara kumbura, na rubuta a takardar sayayya.